Hayaƙin Tsire a Bakin Iyaka

Tun da na dawo daga kudancin Saudiyya ban huta ba. In na shiga Batha, unguwar da Hausawan Riyad suke taruwa, ranar Juma'a, kafin in kai teburin mai shayi an tare ni sau uku. "Hamisu, wai da gaske ne an kusa harba muku igwa?" "Hamisu, wai sojoji ne suka cinye ragunan?" Wani ma rantsuwa ya yi cewa an ɗaure ni a jikin dabino an yini ana dukana. To jama'a, bakina ya gaji. Ga labarin nan na rubuta, kowa ya karanta da idonsa, wanda ya ƙara masa gishiri a gaba kuma shi da Allah.

Ga wanda bai san ni ba, ni mai tsire ne, ɗan Funtuwa, shekarata takwas a Riyad. Muna aiki a wani ɗan gidan abinci a unguwar Nasim, na kafilina Abu Fahad, wato Balaraben da iƙamata, takardar izinin zamana, take ƙarƙashinsa. Ni ne a bakin wuta, Baba Ilu ne a kan wuƙa. Baba Ilu dattijo ne, ya ba sittin baya, kuma duk Riyad ban ga mai yanka nama kamarsa ba. Ɗakinmu ɗaya shekara shida. Tsohon soja ne, shi ya sa 'yan Batha suke ce masa Kofur. Ba ya son zancen soja ko kaɗan, amma jikinsa bai manta ba. In ya ga mai kaki, ko da mai gadin banki ne, sai ka ga ƙafafunsa sun haɗe da kansu, ƙirji ya fito.

Asalin tafiyar kwaɗayin wani tsoho ne. Abu Salim sunansa, kawun Abu Fahad, mutumin wani ƙauye can bayan Najran, dab da iyaka. Ya zo Riyad ganin likita, aka biyo da shi shagonmu. Likita ya hana shi yaji, ya hana shi maiƙo, shi kuwa ya zauna ya ci tsinke tara yana hawaye yana cewa a ƙaro. Kafin ya tashi ya dafa gemunsa ya rantse cewa ranar auren ɗansa wannan naman baƙinsa za su ci. Mu mun ɗauka santi ne. Bayan wata huɗu sai ga Abu Fahad da makullin a-kori-kura, ya ce raguna shida suna jiranmu.

Rago shida ba aikin mutum ɗaya ba ne. Matsalar ita ce Baba Ilu ya riga ya gama da Saudiyya. An buga masa huruj, wato bizar fita ba dawowa, tikitinsa yana aljihu, saura kwana goma sha biyu jirginsa ya tashi. Ga shi kun san halin da ake ciki a kudu, ana yaƙi a ƙetaren iyaka, sojojin ƙasashen ƙawance sun cika duwatsun wajen. Ni na lallaɓa shi, ba zan ɓoye ba. Kwana biyu ina yi masa daɗin baki, ina ce masa ai aikin ban kwana ne, gara a rufe da babban biki. Da ya amince sai ya miƙo min waya, ya ce in gaya wa matarsa Inna Rabi da bakina, shi ba zai iya ba.

"Hamisu," in ji ta, "shekara goma sha huɗu ina jiran mutumin nan ya dawo ya zauna. Saura kwana goma za ka ɗauke shi ka kai shi inda ake harbi?"

"Haba Inna, biki ne fa. Kwana huɗu mun dawo."

 Ta ce, "To, amana ce na ba ka. Yadda ka ɗauke shi haka za ka sa min shi a jirgi."

Na ce na ɗauka. Da sauri na faɗa, kamar an ce in riƙe mata leda.

Mun tashi bayan sallar asuba. A bayan mota akwai buhun garin ƙuli, bokiti biyu na yaji, jarkar man gyaɗa, damin tsinke, da wuƙaƙe bakwai naɗe cikin tawul. Da muka wuce Kharj sai duniya ta ƙare. Hanya ce miƙaƙƙiya sambal, ba kwana, ba rami, ba ko mai tallan gyaɗa. A gida in ka yi tafiyar awa biyu ka ci dafaffen ƙwai, ka sha rake, ka yi faɗa da kwandasta, ka yi sabon aboki. Nan kuwa sai raƙuma, su ma ba sa ɗaga kai su kalle ka. Baba Ilu ya ce zai taya ni hira don kada in yi gyangyaɗi, kafin minti ashirin yana munshari.

A wani gidan mai kusa da garin Laila muka tsaya azahar. Muna alwala muna gardama a kan wa ya manta albasa, sai muka ji wata murya a bayanmu ta ce, "Wayyo ni 'yasu, 'ya'yan nan, daga ina haka?" Muka waiwaya muna neman tsohuwa, sai ga wani ƙaton direban tirela, baƙi, cikin farar jallabiya, gashin baki kamar tsintsiya. Ashe a Makka aka haife shi, kakarsa ce ta zo hajji a ƙafa tun zamanin da, a bakinta ya koyi Hausa, shi ya sa duk maganarsa ta tsofaffin mata ce. Ya rungume mu, ya saya mana shayi, yana ta ce wa Baba Ilu "ɗan nan". Na ciji leɓe har ya kusa jini don kada in yi dariya.

Da ya ji inda za mu sai fuskarsa ta canza. Ya ce, "Ni ina kai ruwa wajen. Ku ji nan, 'ya'yan albarka, abu biyu za ku kiyaye. Kada ku ɗauki hoto, kada ku hau tudu. Sojojin can a tsorace suke, don akwai 'yan haya da ake biya su zo su tsokano faɗa su gudu. Ku kuma ga ku baƙi, ba wanda ya san ku." Na ce masa mu nama ya kai mu, ina ruwanmu da tudu. Ku riƙe wannan maganar tawa, za ku ga inda ta kai ni.

A Wadi Dawasir muka kwana, a wani ɗakin haya mai gado biyu. Don tsoron kada zafi ya lalata min yaji sai na shigo da bokiti ɗaya ɗaki, na ajiye shi daidai ƙarƙashin na'urar sanyi, ban lura murfin ya tsage ba. Da asuba muka tashi ido jawur, atishawa ba ƙaƙƙautawa. Muna fitowa muka tarar da mutumin ɗakin da ke kusa da mu a tsaye a baranda, shi ma yana yi, matarsa tana yi a ciki. Mai kula da gidan ya bi ɗaki-ɗaki yana neman inda gas yake tsiyaya. Muka sulale da bokitinmu kamar ba mu ba, muka karya da wake da burodin tanda a bakin titi, Baba Ilu yana ci yana ce min, "Wannan shi ne babban bikin da ka ce?"

Daga nan shingayen bincike suka fara yawa. Biyun farko iƙama kawai suka duba. A na uku wani soja ya ɗaga tamfol ya ga wuƙaƙe bakwai, ya ga tsinke dami guda masu tsini, ya ga jan gari cike da bokiti. Ya kira ɗan'uwansa, shi ma ya kira wani. Na yi ta bayani da Larabcina na kasuwa, ina nuna takardar Abu Fahad, ina cewa nama, biki, nama. Na farkon ya ce shi sai ya tabbatar, ya dangwali garin da yatsa ya kai baki. Da ma lasa ya yi da sauƙi, shi kuwa ya cika yatsa. Sai da ya shanye gorar ruwa guda yana tsalle, 'yan'uwansa suna riƙe ciki. Suna cikin dariyar nan babbansu ya fito daga rumfa, na ga ƙafafun Baba Ilu sun fara haɗewa, hannu ya fara tashi. Na take masa ƙafa da ƙarfi.

Da muka wuce na ce, "Baba, don girman Allah ka manta kai soja ne na kwana huɗu kacal."

Ya ce, "Ni na daɗe da mantawa. Ƙafar ce ba ta ji."

Mun isa ƙauyen da la'asar. A gindin duwatsu yake, gidajen ƙasa masu hawa uku da huɗu, sai ka ce tsohon birnin Zariya ne aka ja shi sama. Abu Salim ya tarbe mu da kansa. Gaisuwarsu hanci da hanci ake haɗawa, ni kuma ban sani ba na kawar da kai, muka gwara goshi da tsohon. Mazan duk da lanƙwasasshiyar wuƙa a ɗamara, har na ce wa Baba Ilu su ba wanda ya tambaye su takarda. Aka kawo mana abinci cikin tukunyar dutse, gurasa ce aka yayyaga aka jiƙa da romo aka ɗora nama, tana tafasa har gabanmu. Ba don babu ƙuli ba da na ce a Kano aka yi ta. Abin da ya dame ni shi ne mai gida ba ya ci da baƙo. Tsayawa yake a kanka yana turo maka tsoka yana cewa ci, ci. A gida in maigida bai sa hannu ba ai sai ka fara zargin abincin.

Muna cikin ci na ji "dumm" daga bayan duwatsu, ƙasa ta ɗan girgiza. Lomata ta faɗi. Ba wanda ya ɗaga kai a cikinsu, Abu Salim ya ce wannan nesa ne, in ci abincina. Baba Ilu shi ma bai firgita ba, amma na ga ya karkata kunne, kuma daga nan bai ƙara loma ba.

Washegari ranar biki. Da sassafe aka yanka raguna, muka feɗe, Baba Ilu ya zauna a kan tabarma ya fara aikinsa, ni ina soke tsinke ina birkiɗawa cikin ƙuli. Wajen azahar Abu Salim ya ja ni bayan gida, ƙarƙashin wata rumfar kwano, ya nuna min wani rami mai zurfi da aka shafe da laka. Ya ce a nan suke gasa nama, a zuba garwashi, a sa nama, a rufe ruf. Ya ce a nan za mu gasa namu, sannan ya tafi tarbar baƙi.

Na kalli ramin nan na ji an zage ni. Tsire a rami? Tsire tukuba yake so, a tara ƙasa da toka, a hura wuta a tsakiya, a kafa tsinke a kewaye, iska tana kaɗawa, mai yana ɗiga, kana juyawa kana yayyafawa. Shekara ashirin ina wannan sana'a, ban yi tafiyar kwana biyu don in binne nama kamar gawa ba. Na zaga bayan gidan, sai ga wani ɗan tudu, samansa a shimfiɗe, iska tana busowa mai daɗi. Na ce alhamdulillahi, ga wurin tukuba.

Baba Ilu ya ɗago ya kalli tudun ya kalle ni. Ya ce, "Hamisu, tun da muka shigo garin nan ka ga hayaƙi ya tashi a wani gida?"

"Gas suke amfani da shi, Baba."

"Dubi tagogin da suke kallon kudu, duk an toshe su. Kuma me mai maganar tsofaffin nan ya ce maka game da tudu?"

Na ce wannan ai ba tudu ba ne, juji ne ya ɗan girma. Na ce shi ya san wuƙa, ni na san wuta, kowa ya tsaya a fanninsa. Wallahi haka na faɗa wa dattijon nan, kuma har yau in na tuna kunya takan kama ni. Ya soke wuƙarsa a ƙugu, ya ɗauki faranti ya biyo ni, don nama ya riga ya sha ƙuli ba ya jira.

Bayan la'asar na hura wuta. Itacen ƙaya ne, bai gama bushewa ba, ga man gyaɗa yana ɗiga a kai. Hayaƙi ya miƙe sama fari tas, kyakkyawa, har ina alfahari da shi. Ban gama juya layin farko ba na ji ƙarar motoci suna hawowa a guje, sai kuma "tau!" harbi ɗaya a sama. Kafin in san me ake ciki Baba Ilu ya fizge ni ƙasa, ya ja ciki kamar ƙadangare ya shige bayan wani dutse, yana danna kaina cikin ƙasa. Mutumin da kullum yake kukan ciwon gwiwa!

Sojoji suka kewaye mu, biyu suka hau tukubata da shebur suna zuba mata ƙasa, da naman da komai. Wani hafsa ya sauko daga mota, matashi, dogo, ba fara'a. Ya daka tsawa mu tashi. Ni na tashi hannu sama. Baba Ilu kuwa ya miƙe tsam, ƙafa ta haɗe, ƙirji ya fito, ya sara masa, ga wuƙa a ƙugu. Wannan karon ƙafata ba ta kusa balle in taka shi.

Hafsan ya zuba masa ido. Ya ce, "Askari?" Wato soja.

Aka laluba aljihunsa, aka fito da walat. Ga takardar huruj, saura kwana bakwai. A bayanta kuma ga wani tsohon hoto da ban taɓa gani ba, Baba Ilu yana saurayi, cikin kaki, ya dafa wata babbar bindiga. Ku auna da kanku: baƙo, tsohon soja, zai bar ƙasar nan da mako guda, an same shi a kan tudu yana kallon iyaka, hayaƙi yana tashi. Ni kaina da ni ne hafsan sai na kama shi. A nan muryar Inna Rabi kawai nake ji a kunnena.

Aka sauko da mu zauren Abu Salim. Kiɗa ya tsaya, baƙi suka cika ƙofa. Hafsan ya zauna ya yi magana a hankali don in gane.

Ya ce, "Kun san abin da ake yi mana a nan? Akwai sojojin haya, ba su da tuta, ba su da ƙasa, yau wannan ya biya su, gobe wancan. Sukan lallaɓo bayan ƙauye irin wannan su hau tudu, su tayar da hayaƙi, su yi harbi biyu ko uku wajen sansani, su sulale. So suke a mayar da wuta ta sauka a kan gidajen mutane. Daga nan ƙauye ya juya mana baya, ƙasashen ƙawance su fara zargin juna, faɗan da bai kai nan ba ya iso. Sansanin da ke saman dutsen can ba 'yan ƙasar nan ba ne a ciki, daga wata ƙasar ƙawance suke. Ba su san Abu Salim ba, ba su san ana biki ba, hayaƙi kawai suka gani. Har sun juya bakin igwa. Ni na roƙe su ta rediyo su ba ni minti goma in zo in duba."

Minti goma. Tsire ko nuna ba ya yi a minti goma. Na kalli ƙofar zauren, ga yara, ga tsofaffi, ga ango cikin farin kaya.

Abu Salim ya matso, ya cire baƙar igiyar nan da suke ɗorawa a kan rawani, ya ajiye ta a ƙasa gaban hafsan.  Daga baya na ji cewa a wurinsu wannan shi ne ƙarshen roƙo, dattijo ba ya yin sa sai abu ya kai maƙura. Ya ce baƙinsa ne mu, shi ya kira mu, laifin a kansa yake. Hafsan ya ce ya ji, ni zai bar ni, don kowa ya kalle ni ya san wawa ne kawai. Ban taɓa jin daɗin zagi irin na ranar ba. Amma ya ce tsohon dole ya tafi da shi birni a bincika, kuma binciken irin wannan yakan ɗauki makonni.

Na faɗi a gabansa ina rantsuwa cewa Baba Ilu mai yankan nama ne, shekara goma sha huɗu ba abin da ya riƙe sai wuƙa. Na ce a gwada shi. Aka kawo cinyar rago da ta rage, aka ba shi wuƙarsa, sojoji biyu suna tsaye a kansa. Baba Ilu ya zauna ya fara warware tsokar nan a hankali kamar mai warware rawani, sala ɗaya ba tsinkewa, har ta kai tsawon hannu biyu. Ya ɗaga ta wajen taga, haske yana ratsa ta. Zauren ya ɗauki "masha Allah". Na ce shi ke nan, mun tsira.

Hafsan ya gyaɗa kai ya ce, "Ya iya. Amma mutumin da ya iya wuƙa haka bai sa hankalina ya kwanta ba." Kun ji dabarata ta biyu a ranar, ita ma ta ƙara dagula lamarin.

Sai Baba Ilu ya ajiye wuƙa ya goge hannu. Larabcinsa bai wuce gaisuwa ba, don haka ya ce min, "Fassara masa. Kada ka rage, kada ka gyara."

Na ce to, Baba.

"Ka ce masa gaskiya ya gani, ni soja ne. An taɓa kai mu wata ƙasa cikin rundunar haɗin gwiwa irin tasu, aka ajiye mu a bakin iyaka, ba ma jin yaren mutanen wurin. An gaya mana 'yan haya suna yawo a dajin. Wata rana da hantsi aka harbo mana daga bayan wani ƙauye, muka ga hayaƙi ya tashi. Ni ne a kan babbar bindiga. Ba wanda ya ce a je a duba, ni ma ban ce ba."

Ya tsaya. Ni ma na tsaya, don shekara shida muna kwana ɗaki ɗaya ban taɓa jin wannan ba. Ya ce in ci gaba.

"Da muka shiga ƙauyen, waɗanda suka yi harbin sun daɗe da tafiya. Hayaƙin kuwa mata ne suke bandar kifi."

Larabcina na farashi ne da "kawo" da "kai", ban san yadda ake cewa banda ba. Sai na ce kifi, wuta, mata. Ya gane. Kowa a zauren ya gane.

"Da muka koma gida na ajiye kaki, na je wurin mahauta na ce su koya min sana'a. Ka ce masa ba roƙonsa nake ba, in zai tafi da ni ya tafi da ni. Abu ɗaya nake so ya ji daga bakin wanda ya san abin. Na gode masa da ya zo ya duba."

Hafsan ya daɗe yana kallon hoton nan. Sannan ya sunkuya ya ɗauki igiyar Abu Salim, ya karkaɗe ta, ya mayar masa a ka. Ya haɗa hoton da takardar huruj ya miƙa wa Baba Ilu da hannu biyu. Ya juyo gare ni ya nuna ni da yatsa, ya ce, "Kai kuma, a rami." Har ya kai ƙofa ya waiwayo ya ce in naman ya nuna a ɗebi faranti guda a kai wa na saman dutse, su san abin da suka kusa harba.

A rami na gasa sauran, ina yi ina sharar ƙwalla, na ce wa mutane yaji ne. Kuma tunda na yi alkawarin faɗar gaskiya, tsiren ramin nan ya yi daɗi. Bai kai na tukuba ba, kada wani ya je ya ce na ce ya kai, amma ya yi laushi har Abu Salim ya ci tsinke goma sha ɗaya. Aka koma kiɗa, maza suka yi layi suna rawa da wuƙaƙensu a sama. An ce da can harbi suke yi a biki, yanzu an hana, sai ganga. Suka jawo Baba Ilu cikin layi, ya taka daidai da su ƙafa da ƙafa, abin nasa ya zo gidan sauƙi.

A hanyar dawowa sai da muka wuce Wadi Dawasir na iya buɗe baki na ce ya yafe min. Ya ce, "Kai ka kunna wuta, ni na ƙame. Mu biyun a rami ya kamata a sa mu." Muka yi dariya har na kusa sauka daga titi, daga nan ya koma munsharinsa.

Ranar tafiyarsa ni na kai shi filin jirgi. Ya bar min wuƙaƙensa shida, ya ce ta bakwai ta gaji kamar shi. Muna tsaye a layi ya buɗe walat zai ciro tikiti, na hango gefen hoton nan. Na kasa haƙuri.

Na ce, "Baba, hoton nan ya kusa hana ka ganin Inna. Tunda ba ka son zancen soja, me ya sa kake yawo da shi?"

Ya kalle shi kaɗan ya mayar. Ya ce, "Da safen ranar aka ɗauke shi, kafin hantsi. Ina riƙe da shi ne don kada in manta fuskar wanda bai je ya duba ba."

Ya ɗauki jakarsa ya shige. Na tsaya a bakin gilashi har jirgin ya ɗaga, sannan na kira Inna Rabi. Na ce mata, "Inna, amanarki ta taso." Ta fara sa min albarka.